Rasuwar Taswirar Mars ta Inna Iyatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Malam Sahabi Dikko, malamin ilimin ƙasa a nan Gummi, nake sanar da 'yan'uwa da ɗalibai rasuwar taswirar duniyar Mars ta yumɓu. Ta rasu ranar Talatar makon jiya bayan azahar, a ruwan farko na daminar bana, tana da shekara uku. Ni na kashe ta.

An haife ta a ranin 2013. Na kawo gida hotunan Mars da na sa aka buga mini a Gusau, ina ta fama da yadda zan fahimtar da yara cewa a wata duniya can, inda ko ɗigo ba ya sauka yanzu, ruwa ya taɓa yanka kwazazzabai. Mahaifiyata, Inna Iyatu, maginiyar tukwane ce da ba ta taɓa zama a aji ba. Ta leƙa hoton sau ɗaya ta ce, "Wanga ai gulbi ne ya ƙahe." Abin da na kwashe mako uku ina kewayawa ke nan.

Na yi mata bayanin masana: ƙanƙara ce binne a ƙarƙashin ƙasa, ta narke, ƙasa ta rufta, ruwa ya ɓalle ya yanka hanya har ya baje a fili. Sai ta aike ni wurin Makau mai ƙanƙara. Ta binne dunƙule guda cikin jan yumɓu da yashi a kan allon katako, ta ɗan karkata shi, muka zuba ido. Kafin la'asar gefen tudu ya rufta, ruwa ya tsaga kwari, ya bar 'yan tsibirai masu siffar ƙwayar kabewa, ya shimfiɗa fadama a gangare. Sauran ta ƙarasa da yatsunta.

Marigayiya mai haƙuri ce. Yara arba'in sun sha dangwala mata yatsa ba ta taɓa ƙorafi ba. In aka ƙwanƙwasa ta sai ta ce "ƙwas-ƙwas". In aka ɗiga mata ruwa don gwaji sai ta ce "tsss", ta shanye. Albarkacinta, ko ɗalibin da ya fi kowa barci ya san cewa kwari ba ya haƙa kansa.

Ciwon ajalinta tun haihuwa ne, kuma ni na ɗora mata. Inna ta so ta gasa ta tare da tukwane, na hana. Wai wuta za ta yi mata baƙaƙen tabo, ita kuwa Mars ja ce. Inna ta ce, "Sahabi, abin da bai ga wuta ba, ƙasa ne yana jiran ruwa." Na yi dariya irin ta mai takardar shaida. Kaico!

Ranar Talata na fito da ita tsakar gida in kakkaɓe mata ƙura, na jingine ta daidai ƙarƙashin indararo, na hau babur zuwa Adabka ɗaurin aure. Na ga hadari ya haɗo, na ce ai na farko ba ya zuba. Ya zuba. Kwazazzaban Mars sun yi shekaru dubban miliyoyi ba abin da ya taɓa su, nawa ko sa'a guda ba su yi a hannun ruwan Zamfara ba. Na tarar da allo fes, jan ruwa na bin rariya.

Ta bar mahaifiyarta, wato Inna, wadda yanar ido ta rufe wa gani bara, hannunta kuma yake rawa. Duk Juma'a Inna kan sa a kawo mata taswirar ta bi kwarin da yatsa, don shi ne aikinta na ƙarshe da ta gani da idonta. Ta kuma bar ɗalibai, da allo, da ni, da na yi kwana tara ina ce wa Inna taswira tana makaranta.

Jiya na durƙusa zan faɗa mata gaskiya, ta riga ni: "Na taka ta tun ran Talata. Na san yumɓuna ko da ƙafa. Jira nike ka faɗi da bakinka." Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Abin da na kankaro daga rariya za a mayar da shi ramin yumɓu na bakin gulbi, inda aka ɗebo shi. Masu ta'aziyya su wuce ɗakin Inna, ni ban cancanta ba. Ta ce a rage mata dunƙule ɗaya. Hannunta ba ya iya gulbi yanzu, sai dai ɗan kasko. Shi kuwa za a gasa shi, kuma ni ta ce in hura wutar.