Mara Tarbiyyar da Na Hango Daga Sama

Sati biyu da sayen jirgina mara matuƙi, irin wanda kake sa tabarau ka ga abin da kyamararsa ke gani, na riga na zama malamin abin a garinmu Ƙofa. Har cika baki nake wa abokaina cewa babu abin da ke ɓuyar wa mai tabarau.

Wata Juma'a da la'asar na tashe shi a bakin gonarmu. Ina shawagi a kan dawa sai na hango mutane sun durƙusa gaban wani dattijo, ga wani ƙato tsaye ƙiƙam a gefe, ko hula babu.

Na ɗaga murya na ce, "Kai jama'a, ku ga mara tarbiyya! Wanda ya ba wannan 'yarsa ya yi asara!"

Na sauko da jirgin in ga fuskarsa, sai na ga rigata.

Na cire tabarau, ga dattijon nan a gabana, ashe surukina ne, riƙe da carbi. Ya ce, "Haka ne," ya wuce.

Sau uku ina zuwa ban haƙuri. Har yau in matata ta kawo abinci sai ta durƙusa ta ce, "Maigida, ka gan ni, ko sai ka tashi jirgin?"