Takardar Birebe da Dutsen Guga

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin nan ba, kuma ko na so mantawa matan unguwarmu ba za su bari ba. Sai dai abin da suke yawo da shi ba shi ne ya faru ba. Cewa suke wai an kama ni a meri, ofishin magajin gari, da takardar jabu, wai ban taɓa cin birebe, jarrabawar gama kolej, ba, wani ne ya haɗa mani ita a Maradi. Ƙarya ne. Na ci jarrabawata a nan Dakoro, an kira sunana a gaban jama'a, gwaggona ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Abin da ya sa na yi wata biyu ban gyara masu zancen ba shi ne gaskiyar ta fi jabun ban kunya. Mai yin jabu ko ba komai yana da wayo.

Ranar da na je karɓar takarduna a kolej, sakataren makarantar ne ya ba ni, wani dattijo da in ya fara magana sai ka yi sallah ka dawo bai kai rabi ba. Ya shimfiɗa takardu biyu a kan tebur.

"Wannan releve ce," in ji shi, "makin da kika samu a kowane darasi. Wannan kuwa atestasiyon ce, shaidar kin ci. Sau ɗaya ake ba da ita, ki ji da kyau. Shi kuma diplom ɗin kanshi..."

Nan na daina saurare. Ƙawayena na bakin ƙofa suna yafito ni za mu ɗaukar hoto. Na ce, "Na gane, Mushe, na gode," na kwashi takarduna na fita. (Haka nake. In mutum ya fara mani bayani, kafin ya yi numfashi na biyu na riga na san ƙarshen zancen, ko dai ina zaton na sani.) A kaina lissafin mai sauƙi ne: mai babban hatimi ita ce diplom, ɗayar ƴar rakiya ce.

Shekara biyu takardun suna kwance a akwatin ƙarfen Baba, tare da takardar gonarmu ta hanyar Kornaka. Da damina ta wuce aka buɗe akwatin, sai ga gara ta cinye gefen takardar gonar. Hankalina ya tashi, na zare tawa mai babban hatimin. To a Dakoro maganin wannan sananne ne, a kai takarda a rufe ta da leda a inji. Katin ɗan ƙasa, katin rigakafin yara, hoton suna, komai sai an sa mashi leda. Na nufi wurin Malam Idi mai fotokofi a bakin tasha.

Babu kuran, an ɗauke wutar lantarki. Ya ce in dawo gobe. Na dawo, babu. A rana ta uku na same shi yana fifita da kwali, na ce ya sayar mani da ledar kawai.

"Ki yi me da ita?"

"Injin naka ba zafi kaɗai yake ba ta ba? Muna da zafi a gida."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ki jira kuran, ɗiyar Malam." Amma ya miƙo mani ledar, don ya san in bai ba ni ba nan zan yini a kanshi.

Na isa gida na cika dutsen guga da garwashi, na yi ta kaɗa shi har ya yi jawur. Inna na zaune a inuwa tana tsince wake, ta ɗago ta dube ni.

"Ke, takarda za ki yi wa guga?"

"Inna, ba za ki gane ba. Aikin lakwal ne, sai ƴan boko."

Duk cikin abin da na yi, wannan maganar ce ke hana ni sukuni har yau.

Wucewar farko ta yi kyau, ledar ta kwanta tana ƙyalli, har na ji ina raina Malam Idi da injinshi. Sai na hango iska ta taru a kusurwar ƙasa, daidai inda hatimi da sa hannu suke. Na ɗora dutsen a wurin na danna da hannu biyu. Warin da ya tashi irin na takalmin roba ne a wuta. Da na ɗaga, ledar ta tattare ta biyo dutsen, wurin ya yi ƙasa-ƙasa, shuɗin hatimin ya bazu kamar an zuba mashi ruwa. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni sai na ɗauko reza in ɓare ledar in sake. Ta ɓaru kuwa, amma ta tafi da rabin sunan mahaifina da shekarar haihuwata. Na maida ta na sake mannawa a hankali, na ɗaga takardar nesa da fuskata na ce ai ba laifi, ana ganewa. Inna ta ce, "Allah shi kyauta," ta ci gaba da wakenta.

Wata huɗu bayan haka aka yi sanarwar konkur, jarrabawar gasa ta shiga makarantar koyon aikin lafiya a Maradi. Shekara biyu ina roƙon Baba ya bar ni in tafi, yana cewa a bari tukuna. Wannan karon ya ce to. Dosiye, wato takardun neman shiga, za a rufe karɓa ranar Juma'a, kuma cikin abin da ake so har da kofin shaidar birebe wanda meri ta buga wa hatimi. Da na kai takardar a yi kofi, kusurwar nan ta fito baƙi ƙirin. Malam Idi ya dubi takardar ya dube ni ya ce, "Zafin gidan ke nan?" Na ce ya yi aikinshi.

Alhamis da hantsi na tarar da layi a meri har bakin bishiya. A gabana wata yarinya ce siririya, ta ce mani daga Bader Goula ta taho tun asuba, ita ma konkur ɗin za ta yi. Na ga ta kwance ɗankwali, a ciki tsohon littafin rubutu, a tsakiyar littafin takardarta tsirara, babu leda babu komai. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ni ce.

"Ƴar'uwa, haka ake ajiye diplom? Ruwa ya zuba fa? Gara fa? Ba ku san leda ba a can?"

Ta ce a hankali, "Mushenmu da ya koyar da mu ya ce kada mu sa mata komai."

"Mushen ƙauye ke nan," na ce, da ƙarfin da duk layin ya ji. Har wasu mata biyu suka gyaɗa kai, ni kuwa na ƙara buɗe murya ina bayanin yadda ake kula da takardu. Da aka kusa zuwa kanta na ce ina sauri, ta matsa ta ce, "Wuce, Yaya." Ni da kaina na saka kaina a gaba, inda kowa zai gani da kyau.

Ma'aikacin da ke buga hatimi ya karɓi kofin, ya ce in ba shi ta asali. Na miƙa. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ɗaga ta saitin taga. Sannan ya kira abokin aikinshi ya zo ya gani.

"Wa ya yi maki wannan aikin?"

"Mai inji."

"Wane inji ne ke barin sawun dutsen guga?"

Ya juyo da ita wajen jama'a, ba don mugunta ba, hasken yake bi. Ga shi nan kuwa ɓaro-ɓaro, bakin dutsen mai tsini kwance a kan hatimin, wanda ni a wata huɗu ban taɓa yarda in gani ba. Wani a baya ya ce, "An sa mata sitati kuwa?" Layin ya ɗauka da dariya.

Ma'aikacin bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗiyata, kin san ma'anar hatimina? In na buga, cewa na yi na ga ta asali da idona, kuma kofin daidai yake da ita. To ina hatimin da zan gani a nan? Ina sa hannun? Ga suna an kankare da reza. Da wani kika samu da komisariya zai tura ki, wurin ƴan sanda." (Kalmar nan ta komisariya ita kaɗai ta isa unguwarmu, kuma ta riga ni isa.)

"Amma ai diplom ɗina ne, Mushe. Ni na ci."

"Wannan ba diplom ba ne. Atestasiyon ce, ta riƙon ƙwarya kafin diplom ya fito. Shi sai kin je biro, ofishin jarrabawa a Maradi, kin nema. Ba a gaya maki ba?"

Na zaro releve na ce to ga wannan, ita lafiyarta lau. Ya ce ita maki take nunawa, ba ita aka nema a dosiye ba. Na tambaye shi ko in na kama mota yanzu zan samu kafin gobe. Ya ce akwai takardar roƙo da za a rubuta, a duba rajista, a jira mai sa hannu. Ya miƙo mani kayana ya ce, "Na gaba."

Yarinyar Bader Goula ta buɗe littafinta. Kafin in gama cusa takarduna a jaka na ji ƙarar hatimi sau biyu. Ta zo wucewa ta tsaya ta ce, "Sannu, Yaya. Allah shi sa a dace." Na dubi fuskarta ina neman ko ɗigon dariya in samu abin riƙewa, babu. Ta wuce, ko sunanta ban tambaya ba.

A gida Baba ya saurare ni har ƙarshe, abin da ni ban taɓa yi wa kowa ba. Ya ce, "Lokacin da aka ba ki ita, ba a yi maki bayani ba?" Na ce an fara. Ya ɗauki butarshi ya fita. Inna kuwa da na je ba ta haƙuri cewa ta yi, "Ni ban san aikin lakwal ba. Na dai san abin da wuta ke yi wa leda."

An yi konkur babu ni. Na yi asarar shekara guda ke nan, kuma ban san ko "to" ɗin Baba zai kai baɗi ba, don tun ranar bai sake ɗaga zancen ba. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, yaran firamare ma sun sani: takardun uku ne, kowace da aikinta, kuma wanda ya tsaya ya ji bayanin minti biyu ya huta da tsegumin wata biyu a bakin maƙwabta.

Na rubuta takardar roƙon, na haɗa da releve da takardar haihuwata. Litinin zan shiga motar farko zuwa Maradi, in sauka gidan wata gwaggona da ke can. Wasu sun ce kwana uku zan yi ina zarya, wasu sun ce wata. Na gaya wa Baba ba zan dawo ba sai da diplom ɗin, ko da ranar karɓarshi a rubuce. In kuma na tarar da layi, bayan wanda na tarar zan tsaya, bakina a rufe.