Yadda Za Ki Rufe Bakin Karen Maigida Kafin 'Yarki Ta Farka

'Yar uwa, in kina da jaririya mai barcin rana, kina kuma da miji mai kare, jawo kujera. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan bi da bi, tsakar gidanki za ta yi tsit har ki riƙa jin numfashinki. Na gwada a kan 'yata Lele da karen babanta, kuma ya yi aiki. Da sunayen gidana zan yi miki misali.

Kin dai san abin da muke karewa. Lokacin barcin yarinya ne lokacin wankanki da wankin kayanta, shi ne kuma kaɗai lokacin da za ki ci abinci a zaune. In kare ya tashe ta, ita za ta wuni tana kuka, ke ki wuni da kumfar sabulu a kunne ɗaya.

1. Ki gane mai karen

Maigida zai ce nasa ne. Shi ya shigo da shi cikin kwali, ya sa masa suna Kwamanda, ya ɗauki hoto da shi. Da safe zai shafa kansa ya tafi aiki. Daga nan har yamma kare naki ne, da haushinsa da kashinsa.

In kin yi ƙorafi zai ce, "Haba Maman Lele, ai gadi yake yi."

Ki ce, "To Baban Lele, ƙadangaren da ke kan katanga me ya zo sata?"

Wayarsa zai duba.

2. Ki san maƙiyansa

Kare ba ya haushi a banza, yana da dalilai masu ƙarfi. Akwai ƙadangaren. Akwai ledar da iska ta kwaso, da ƙafafun masu wucewa da yake hangowa ta ƙarƙashin ƙofa, da keken ɗinkin telan da ke bayan katangarku. Ɓeran da ke cin abinci a kwanonsa kuwa, wannan abokin aiki ne, ba a yi masa haushi.

3. Ki daka masa tsawa

Ki leƙa ta taga ki ce, "Kwamanda, shiru!" Zai ɗauka kin fito taya shi ne, sai ya ƙara murya don jin daɗi. Yanzu ku biyu ke ihu a gida ɗaya. In Lele ta farka kun zama uku, kuma ita ta fi ku huhu.

4. Ki bar uwar miji ta gwada tata dabarar

Mama za ta zo ganin jika, ta saurari karen kaɗan, ta yanke hukunci.

"Yunwa ce, 'yar nan. Ba ku ba shi abinci."

Daga ranar, da ya yi haushi sai ta wurga masa tsokar nama daga ƙofar kicin. Zai yi shiru kuwa, iya lokacin da yake tauna. Kafin Mama ta gama hutunta, Kwamanda ya gane haushi aiki ne mai albashi. Zai daina kallon katanga gaba ɗaya. Zama zai yi a gaban kicin, ya yi haushi, ya dakata, ya buɗe baki yana jiran biya.

Kar ki yi gardama. Ki ce, "Sannu da ƙoƙari, Mama," ki koma ɗaki ki ciji filo.

5. Ki saurari maƙwabta, kar ki bi shawararsu

Tela zai leƙo ta katanga da tef a wuya.

"Maman Lele, karenku ya firgita ni na ɗinke wuyan rigar mutane. Ki ɗaure masa baki mana, ko ki jefa masa maganin barci a abinci."

A nan ba wasa nake ba. Kar ki ɗaure masa baki, kar ki ba shi magani, kar ki ɗaga masa sanda. Rai ne da shi, kuma nan gaba kaɗan 'yarki za ta yi rarrafe a tsakar gidan nan. Ba kya son ta tarar da karen da ya koyi tsoron hannun mutum. Ki ba tela haƙuri, ki ce rigar da ba wuya ma sabon yayi ce.

6. Ki kai mai laifin wurin likitan dabbobi

Ki tafi da karen ma.

Likita zai duba haƙora da kunnuwa, sannan ya juya ga maigida ya ce, "Yaushe rabonsa da fita yawo?"

"Likita, ai tsakar gidanmu da faɗi."

Likita zai ce kaɗaici da zaman banza ke damun karen. A toshe ƙarƙashin ƙofa, kar a ba shi nama sai in ya yi shiru, a fita da shi kullum da safe har ya gaji. Sai ya miƙo igiyar karen. Ke hannunki na riƙe da jaririya, saboda haka kin san hannun da za ta faɗa.

Gobe ki tsaya a taga ki kalli Kwamanda yana fita yawo da mijinki. Kar ki yi dariya da ƙarfi.

7. Ki mori shirun

Wata ranar hutu da rana, gida zai yi tsit. Kwamanda ya miƙe a inuwa, ciki sama. Ki kwantar da Lele. Za ta lumshe ido, ta saurara, ta buɗe. Yarinyar da tun tana ciki take sauraron haushin kare ba ta taɓa sanin barci ba tare da shi ba. Za ki yi jijjiga, ki yi goyo, ki yi waƙa. Ba ta so. Ki taɓa Kwamanda da ƙafa, zai juya ya ci gaba da minshari.

Sai ki juya ga maigida.

"Baban Lele, fita tsakar gida."

"In yi me?"

"Kai ka fi kowa sanin muryarsa."

Zai dube ki, ya dubi 'yarsa da fuskarta ta yi jawur, ya sa silifas ya fita. Haushinsa na farko zai fito siriri. Ki ce masa ta taga, "Ƙara kauri, Kwamanda ba ya jin kunya." Kafin ya yi nisa, idon Lele ya rufe.

Tela zai leƙo ya ce, "A'a, maigida, wannan sabon a ina kuka samo shi?"

Mama kuwa, in ta sake zuwa hutu, ba za ta ko ɗago kai daga tukunya ba. Tsoka kawai za ta wurgo ta ƙofar kicin.

Ki ɗauki bokitinki ki shiga wanka.

Ni dai alkawarin rufe bakin kare na yi, kuma na cika. Dushewar muryar mijinki, da sunan da yaran unguwa za su laƙaba masa, da ranar da zai gane haushi aiki ne mai albashi, duk ba ruwana. Kar a zo a buga mini ƙofa, 'yata na barci.