Zaman Makokin Taiga

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana ana karɓar gaisuwar mutuwa, alhali mahaifiyata tana zaune a gadon asibiti tana shan kunu.

A lokacin ni ne mai kula da wurin killace dabbobi na ƙaramar hukuma a Sabon Gari. (Sunan ne mai girma. Fili ne kawai da aka zagaye da waya a bayan unguwar Chikaji, da rumfar kwano da 'yan kejuna.) Aikinmu kama awakin da ke ɓarna a gonakin mutane da damina, da jakunan da ke kwanciya a titi, da karnukan da ba su da mai su. 'Yan unguwa suna kirana Sarkin Karnuka, ba don ƙauna ba. Ni kuma na ɗauki sarautar da gaske: ga gashin baki, ga takalmin roba har gwiwa, ga fuska kullum a murtuke. Ko ranar da mahaifina ya rasu ban zubar da hawaye a gaban mutane ba, kuma na daɗe ina taƙama da haka, Allah ya yafe mini.

Farkon shekarun dubu biyu, da hankula suka tashi a jiharmu, 'yan kudu da yawa suka ɗaure kaya suka nufi gida. Cikinsu akwai Maman Chidi, mai shagon tireda a layinmu, wadda ta yi shekaru tana cusa wa 'ya'yana alawa a aljihu. Safiyar da za su tafi ta zo wurin aikina, ido jajur, tana jaye da wani jan kare. Direba ya rantse ba zai ɗauki kare a motarsa ba. Ta roƙe ni in riƙe mata shi kwana biyu, da zarar gari ya lafa za ta dawo. Na bugi ƙirji na ce, "Madam, tafi hankalinki kwance. In dai ina raye za ki same shi."

Sunansa Taiga, amma ko kaza ce ta buɗe fuka-fuki sai ya shige ƙarƙashin benci. Ga shi ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Dole na koma yi masa turancin buroka, a ɓoye, in ma'aikatana sun tafi salla. Duk sanda mota ta tsaya a bakin titi sai ya miƙe ya je jikin waya ya tsaya yana leƙe. Ni kuma in ce masa, "Madam go come," wato Madam za ta dawo. Sai ya dawo ya kwanta kusa da ƙafata, ina waige-waige kada wani ya gan mu.

Gari ya lafa. Wasu suka dawo, Maman Chidi shiru. Shagonta ya zama wurin cajin waya. Na tambayi 'yan garinsu a kasuwa, wannan ya ce ta koma ƙauye, wancan ya ce ya ji mijin ya rasu, wani ya ce bai ma san ta ba. Ƙa'idar aikinmu ita ce karen da aka daɗe ba a zo nema ba a kashe shi, kuma na sha zartar da ita a kan karnukan wasu ko gezau. Amma Taiga sai na ce wa ofis ai mai gadinmu ne. (Mai gadin da ke gudun kaza.) A gida kuwa ban gaya wa kowa ba. Ina zan sa kaina a ji cewa Sarkin Karnuka yana ƙulle sauran tuwo a leda yana kai wa kare?

Shekaru suka tura. Bakin Taiga ya yi furfura, wani ƙullutu ya fito masa a ciki, har ya zama in mota ta tsaya ba ya iya miƙewa, kai kawai yake ɗagawa. A makon da jikinsa ya tsananta kuma mahaifiyata Inna tana kwance a asibiti, duk unguwa an sani, ana ta zuwa dubiya. Na sa shi a a-kori-kurar ofis na kai shi wurin likitan dabbobi a Samaru. Likita ya duba ya ce wahala kawai yake sha, abin da ya rage sai allurar da za ta hutar da shi, kuma tunda ga ɗalibai sun zo koyon aiki, bari su tsaya su gani. Har ya nuna musu ni ya ce duk aikin nan babu mai taurin zuciyata. Na gyara tsayuwa, na murza gashin baki.

Ni na riƙe masa kai. Ana cikin yin allurar sai wata mota ta taka birki a waje. Taiga ya ɗaga kai ya dubi ƙofa. Bakina ya riga ni: "Madam go come." Ya mayar da kansa cikin tafin hannuna, shi ke nan.

Jama'a, ban san daga inda kukan ya fito ba. Ba hawayen mutunci ba, kuka mai sauti har da majina. Na ture ɗalibai na fita, na tsuguna a bakin titi na rufe fuska da hula. A daidai nan Allah ya kawo maƙwabcina Sale, mai acaɓa. Ya san Inna tana asibiti, ya kuma san ko kukan ubana ban yi ba. Bai tsaya tambaya ba, ya juya babur sai Sabon Gari.

Sai da na haƙa rami a bayan rumfa na binne Taiga da hannuna sannan na nufi gida da yamma. Tun daga bakin layi na hango tabarmi da butoci. Dattawa sun jeru, daga cikin gida ina jin kukan matata, ƙannena sun tafi asibiti ɗauko gawa. Liman ya kama hannuna yana Allah ya jiƙanta, yana tambayar yaushe za a yi sutura.

Na tsaya a tsakiyar mutane da takalmin roba duk laka, na ce, "Malam, Inna tana nan da ranta. Kare ne ya mutu."

Liman ya saki hannuna a hankali, ya dubi tafinsa. Aka fara naɗe tabarmi, wasu na ƙunshe dariya, wasu na tsaki, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. (Inna dai ta warke sarai. Har ta koma ga Allah, in na shiga gaishe ta sai ta ce, "Sannu da zuwa, maraya.")

Mutum ɗaya ne bai tashi ba: Baba Bulus, tsohon malamin makaranta ɗan kudancin Kaduna, wanda cocinsu ɗaya da Maman Chidi. Ya jira kowa ya watse, ya tambaye ni ko jan karen nan ne. Na ce shi ne. Ya daɗe yana kallon shagon cajin waya, sannan ya ce, "Ashe kai ma kana jiranta. Zauna in yi maka gaisuwa, ga tabarma ɗaya ta rage."

Na zauna. Muna nan a kan tabarmar har aka kira magariba.

Abin da na koya dai, in kuka ya kama ka, nemi ɗaki ka ja ƙofa, kada ka yi shi a bakin titin Samaru inda masu acaɓa ke wucewa. Kuma kada ka kuskura ka bugi ƙirji ka ce wa matafiyi zai dawo ya sami abinsa. Taiga ya huta da jira. Har yau in mota ta taka birki a bakin layinmu, ni ne nake ɗaga kai.