Famfonmu da "Run" Ɗin Manya

Jama'a, da kumburarren leɓe nake ba ku labarin nan. Talatar da ta wuce na je famfon unguwarmu a Mabai, na murɗa kansa, na duƙa na leƙa ko zan hango ruwa tafe, sai rina ta fito ta gaishe ni a baki. Ashe ta gina gida a ciki. Maƙwabcina Malam Salihu, malamin firamare, ya dube ni ya ce da ma an san a rina. Ban yi dariya ba, leɓen bai bari ba.

Da can muna da rijiya, tun ta kakanni, ko a tsakiyar bazara ba ta taɓa ba mu kunya ba. Sai arzikin man fetur ya zo, aka ce guga ƙauyanci ne. Mai Girma Alhaji Za-A-Yi, Allah ya ƙara masa tumbi, ya iso da motoci, ya yi jawabi da Turanci don kada mu raina shi. Kalma ɗaya na tsinta saboda yawan maimaita ta: "run". Ni a sanina, daga bakin 'yan makaranta, "run" gudu ne. Malam Salihu ya ce in kwantar da hankalina, a bakin manya ba nan ta tsaya ba. Ruwa zai "run", wato zai gudana. Kwamiti zai "run" ɗin aikin, wato zai gudanar da shi. Inji ma zai "run", wato zai tashi ya yi ta ruri. Na ce madalla, kalma ɗaya da aikin jaki uku.

Ɗan kwangila ya zo ya toshe bakin rijiyarmu da siminti, ya kafa tanki bisa ƙarafa, ya dasa famfo, ya ajiye inji. Injin ya yi ruri ranar gwaji, bai kawo ko ɗigo ba, ya yi shiru. Aka ce gas ne ya yi "run out". Wannan kuma, in ji Malam, ƙarewa ce. A ƙasar da aka ce man har ya yi mana yawa!

Na bi sawun ɗan kwangilar. A Sheme aka ce yana Faskari, a Faskari aka ce yana Sabuwa, a Sabuwa aka ce ya yi "run away". Wannan ban nemi fassara ba. Shi kuwa Mai Girma, wani akawunsa ya ce ba zai ganu ba, yana shirin "run for", wato zai tsaya takara. Ku duba mini hikima: mutum yana gudu, a fassara kuma yana tsaye.

Mu kuwa muka koma kududdufi, muna sha tare da shanu. Ƙaramar ɗiyata Khadijatu ta kama gudawa, har idanunta suka faɗa. Malam Salihu ya zo dubiya, da yake malami ba ya iya riƙe ilmi a ciki, ya ce ai a Turanci ma ciki yana "run". Mai ɗakina Hajaratu ta yi masa wani kallo, ya tuna yana da aji. Ranar da rina ta harbe ni na dawo na tarar ta ɗaure kayanta.

"Malam," ta ce da ni, "ni ban iya Turanci ba. Gobe in babu ruwan kirki gidan ga, zan ɗauki yarinyar nan mu tafi Yargoje, can gidanmu ba a kawo masu ci gaba ba tukuna."

Gaskiya tsoro ya kama ni, don na san Hajaratu ba ta faɗa sau biyu, kuma na ga idon yarinyar. Na ari guduma wurin maƙeri. Malam Salihu ya ce kayan hukuma ne, muna "running a risk", wato sayen rigima. Na ce ya riƙe mini rigata. Da muka fasa simintin, ga ruwanmu can ƙasa, garau, yana kallonmu. Ga kuma bututun da aka ce zai jawo shi yana reto, tsawonsa bai wuce wutsiyar akuya ba. Hajaratu ta zura guga.

Kwana biyu sai ga akawun nan a mota. Na yi sallama da iyali a zuci, na ce yau sai gidan yari. Mutumin ya leƙa rijiya, ya ɗaga hannu ya yi hamdala. Wai ran Asabar Mai Girma zai buɗe aikin, kuma tun jiya yake tunanin inda zai samo ruwan da za a zuba a tanki. Hukuncina shi ne in cika shi.

Haka kuwa aka yi. Na wuni ina jan guga, ina hawa tsani da bokiti a ka. Aka shimfiɗa tabarma kan ɓarnar da na yi, Mai Girma ya yanka kirtani, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, maroƙa suka ɗauka, mai hoto ya ɗauka. Kafin ƙurar motarsa ta lafa tanki ya yi "run out". Ba komai. Khadijatu ta fara cin tuwo, Hajaratu ta kwance kayanta, guga ya koma bakin aikinsa.

Abu ɗaya dai Malam Salihu ya fassara mini daga jawabin ranar. Wai saboda nasarar da aka samu a Mabai, za a "run" ɗin irin wannan aiki a kan kowace rijiya ta Faskari da Sabuwa. To, 'yan'uwana na can, ba na hana ku yi masa tafi. Amma in kun gama, ku biya ta wurin maƙeri tun gudumar ba ta yi tsada ba.