Yadda Za Ka Tara Makin Jirgi a Gidan Caca, Hannunka Bai Taɓa Caca Ba

Kai da ka yi shekaru a Faransa ba ka leƙa gida ba, kai da kake duba farashin jirgin Yamai ka kife waya ka ce sai baɗi, matso kusa. Akwai hanya. Kamfanonin jirgi da na otel suna da wani kati da suke ba abokan hulɗarsu: duk abin da ka saya a zuba maka maki, in makin ya taru a ba ka kujera kyauta. Kuma a duk faɗin ƙasar nan babu inda maki ke zuba kamar gidan caca. Bi matakan nan yadda na jera su, tikiti zai fito, ko shakka babu. An gwada an gani. Wanda ya gwada sunansa Sabo, mutumin Damagaram, mazaunin Saint-Denis, mai tsara fitar manyan motocin kayan gwari a wani ofis a kasuwar Rungis. Da shi za mu yi misali.

Mataki na ɗaya: Samo dalilin da ya fi ƙarfinka

Kada ka tunkari wannan aiki don marmarin kilishi. Sai da dalili mai nauyi, wanda in an ritsa ka za ka ɗaga shi sama kowa ya yi shiru.

Na Sabo mahaifiyarsa ce, Hajiya Amatullahi. Idonta ya fara dushewa, likita ya ce abin gaba yake yi. Duk Juma'a in ya kira ta sai ta manna wayar a hancinta ta ce, "Sabo, so nike in gan ka da idona tun yana aiki, ba cikin gilashin ga ba." Shi kuma ya ce insha Allahu, ya kashe waya, ya zauna yana kallon bango.

Cikin irin wannan zama saƙo ya shigo masa. Wani otel a Lyon, mai gidan caca a ƙasansa, yana ninka maki sau uku a ƙarshen mako ga duk abin da aka saya cikin zauren cacar. Sabo ya karanta, ya sake karantawa. Bai ga inda aka ce dole sai ka yi cacar ba. Masu ilimin harkar nan sun ce abin da kamfani ya manta bai rubuta ba, rabon talaka ne.

Mataki na biyu: Nemi fatawa, amma daga cikin metro

Kai Musulmi ne, ba ka shiga abu da ka. Kira malami. Sai dai ka kira shi daga cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na goma sha uku, daidai inda jirgin ke shirin nutsawa inda waya ba ta kamawa.

Sabo ya kira Malam Zaid, limamin wani ƙaramin masallaci kusa da Porte de la Chapelle. Suka gaisa a gurguje.

"Malam, tambaya gare ni. Mutum ne ya shiga wani gida don ya sha shayi. A gidan akwai masu aikata abin da bai kamata ba. Shayin nashi ya halatta?"

"Da mi aka haɗa shayin?"

"Na'ana'a da sukari, Malam."

"To, shayi dai shayi ne. Amma tsaya, wane irin gida ne wannan da..."

Nan waya ta yanke. Sabo ya shafa fuska ya ce alhamdu lillahi. Ka lura, rabin amsa ya fi sauƙin ɗauka a tafiya.

Mataki na uku: Gaya wa matarka gaskiya, gwargwadon abin da za ta iya ɗauka

Balkisa matar Sabo digiri na uku take yi a fannin ƙididdiga, saboda haka ba a kawo mata magana mai lamba a ciki. Ya ce mata Lyon za shi, akwai binciken da zai yi a kan harkar sufurin sama.

"Bincike ranar Asabar?"

"Ranar ce ake samun mutane."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta koma kan kwamfutarta. In matarka ta yi maka irin wannan kallon, ɗauke shi a matsayin izini.

Mataki na huɗu: Shiga da ƙafar hagu

Je da rana, bayan azahar, lokacin da zauren ke cike da tsofaffi 'yan fansho. Nuna takardarka a ƙofa, nemi tsari, shiga da hagu kamar yadda kake shiga bayan gida. Kada ka kalli fitilu. Wuce kai tsaye wurin mai shayi.

Ga sirrin: ba a sayen buta. Kofi ɗaya, a goga kati. Ka shanye, wani kofin, a sake goga kati. In suna sayar da gyaɗa, saya daban. Sabo har tambaya ya yi ko za a iya sayar masa da sukarin shi kaɗai, yarinyar da ke sayar da shayin ta ce kyauta ne, ya ce bai yarda ba.

Tun kana shigowa ka gane inda ban ɗaki yake. Zai yi maka amfani fiye da yadda kake zato.

Mataki na biyar: Zauna gaban na'ura, ka juya mata baya

A nan Sabo ya gano abin da ko ni ban sani ba. In ka zura katinka a na'urar caca, tana ƙirga maka maki na zaman da ka yi, ko ba ka danna komai ba. Sai ya zura kati, ya juya kujera, ya ba na'urar ƙeya, ya ciro carbi.

A kujerar kusa da shi akwai wata tsohuwa mai gashi ruwan toka da ƙaramar jaka a cinya, Madam Sofiya. Tun safe na'urarta ke haɗiye mata fansho ba ko godiya. Sabo na zama, na'urar tata ta fashe da kiɗa. Ta danna, ta sake ci. Ta juyo ta dube shi, ta dubi carbin.

"Misye, me kake karantawa?"

"Neman tsari nake yi daga abin da kike yi, Madam."

"Ci gaba. Yana aiki."

Shayi ya motsa, Sabo ya tashi ya zaga. Kafin ya dawo ta yi asarar rabin abin da ta ci. Yana zama, kiɗa ya dawo. Shi ke nan. Madam Sofiya ta raɗa wa ta kusa da ita, ta kusa da ita ta raɗa wa wani tsohon direban bas, kafin la'asar akwai layi. Wannan ya ja kujerar Sabo zuwa na'urarsa, waccan ta jawo ta baya, shi yana zaune a kai da kofin shayi a hannu yana ƙoƙarin kada ya zube. Wani dattijo mai sanda ya goga kwabban cacarsa a kafaɗar Sabo ya sumbace su.

Abin ya dami Sabo ƙwarai. Ya miƙe, ya gyara murya, ya yi musu wa'azi da Faransanci mai kyau. Ya ce wannan abu haramun ne, ɓarnar dukiya ce, kuma na'urar an gina ta ne don ta cinye su, matarsa ma ta san lissafin. Ya ce su koma gida wurin jikokinsu. Suka saurara da natsuwa suna gyaɗa kai. Da ya gama, tsohon direban ya ce wa na bayansa, "Sai ya zage ka tukuna sa'ar ke zuwa." Layin ya ƙaru.

To ga inda za ka nuna ƙwarewa. Za su so su biya ka. Kada ka karɓi ko kwabo, kuɗin caca ne. Ce musu shayi kawai kake sha, kuma a goga a katinka. Sabo ya sha shayi har hannunsa na rawa, maki kuwa suka riƙa hawa a fuskar wayarsa kamar mitar tasi a cunkoso.

Mataki na shida: In an ce hoto, yi murmushi

Manajan zauren, Misye Yanis, ya fito da kansa. Sabo ya ɗauka korarsa za a yi. Ina. Manaja ya riga ya duba littafinsa ya ga tun da aka buɗe gidan ba a taɓa zuba kuɗi kamar ranar ba, kuma in aka haɗa cin kowa da asarar kowa, gidan ne a sama kamar kullum. Ya kama hannun Sabo da hannu biyu, ya ɗaga katinsa zuwa na zinariya, ya buɗe masa ɗakin manyan baƙi ya yi sallar la'asar, shigar ɗakin ma da makinta. Sannan ya ce ko Misye zai yarda a ɗauki ɗan hoto.

Sabo ya tsaya tsakiyar tsofaffi, carbi a hannun dama, katin zinariya a hagu, Madam Sofiya riƙe da gwiwar hannunsa. Bai tambayi inda hoton za shi ba. Kai ma kada ka tambaya, tambaya ba ta kawo maki.

Mataki na bakwai: Yi ƙoƙari ka riga hotonka isa gida

Ba za ka iya ba, amma ƙoƙarin yana da kyau. Jirgin ƙasan Lyon zuwa Paris gudu yake kamar an koro shi, duk da haka kafin ya bar tasha hoton ya hau shafin otel na intanet da taken babban abokin hulɗa na wata. Wani ɗalibi ɗan Maraɗi ya gani ya tura zauren hira na waya na 'yan Nijar mazauna Lyon. Daga nan ya sauka Yamai. Da hoton ya isa Damagaram labarin ya zama Sabo ya buɗe gidan caca a Turai, har wani ɗan kawunsa ya aiko saƙon murya yana neman aikin gadi.

Sabo ya shiga gida ya tarar da Balkisa zaune, waya a kan tebur, hoton a buɗe.

"Binciken ya yi kyau?"

"Balkisa, wallahi shayi kaɗai na sha."

"Na sani. Ga idonka nan kamar na mujiya. Wace ce wagga da ta riƙe ka?"

"Madam Sofiya. Ta girmi Inna."

"Miƙo wayarka."

Ta duba makin, ta sake dubawa. "Sun kai," in ji ta a hankali. "Zuwa da dawowa, har da jaka biyu." Sai wayar ta fara ruri a hannunta, sunan Inna a kai.

Mataki na takwas: Saurari mahaifiyarka har ƙarshe

Wannan kiran ba a yin sa a metro.

"Sabo, an kawo mini hoto. Na kai shi har bakin ido. Ka rame."

"Inna, ban taɓa caca ba. Don in zo in gan ki na yi."

"Na yarda. Tun kana yaro wauta gare ka, amma ba ka da mugun hali. Tsohuwar da ke riƙe da kai, ta ci ko an cinye ta?"

Sabo ya ce da zai fito ya gan ta tana juye jaka tana neman kuɗin bas.

"To kujerar taka da abincinta aka saye ta. Ba ka shigo mini gida a kanta."

Washegari Sabo ya tafi wurin Malam Zaid da ƙafarsa, Balkisa na biye, ya yi tambayar tun daga kai har wutsiya. Malam ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce abin da ya shigo ta irin wannan ƙofa rabuwa ake yi da shi: a ba mabuƙaci, kuma kada a sa ran lada.

"Malam," in ji Balkisa, "ni ɗaliba ce. Tallafin karatuna ya ƙare tun bara. Rabona da gida tun kafin nashi."

Malam ya dube ta, ya dubi Sabo, ya dubi silin. Ya ce shi dai bai ga inda aka hana ba.

Mataki na tara: Iya ɗaukar kaya

Jaka biyu na matar da za ta gida nauyinsu ya wuce hankali. Durƙusa da gwiwa, kada ka sunkuya da baya. Sabo ya ja su daga Saint-Denis har filin jirgi, ya tsaya bayan gilashi yana ɗaga hannu har ta ɓace.

Da ta isa Damagaram ta kira shi da hoto. Ya ga tsakar gidansu, ya ga Inna zaune a tabarma ta riƙe fuskar Balkisa da hannu biyu tana shafawa. Sai Inna ta ce a faɗa mata yadda Sabo yake yanzu, tunda gilashin ya daina nuna mata komai sai inuwa. Balkisa ta kama yatsan tsohuwar ta ɗora a gefen nata kan. "Nan ya yi furfura, Inna. Nan kuma gashin ya fara gudu." Inna ta yi dariya har da tari. Sannan ta juyo wajen da take jin muryarsa.

"Ka taho da Babbar Salla, da guminka. In idon bai jira ka ba, hannu na nan."

Sabo ya ce to. Da safe ya shiga wurin shugabansa a Rungis ya ce a sa sunansa a duk wani ƙarin aiki da ya samu, Asabar da Lahadi, har Salla.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko ciwon mara ne, ko rawar hannu, ko dangi masu neman aikin gadi, ko malamin da daga yanzu ba ya amsa tambayarka sai ya ga fuskarka. In tsofaffin Lyon suka bi ka har tasha, tsakaninku ne. In matarka ta karanta wannan kafin kai, ba ni na ba ta ba. Ni ko Lyon ban taɓa zuwa ba, kuma shayi ba ya karɓata.