Sulken Kafaɗar da Na Saya wa Faisal

Da ɗana Faisal ya fara wasan hoki kan ƙanƙara, kocinsu ya ce a saya masa sulken kafaɗa daidai jikinsa. Ni tela ne a unguwar Hindawiyya, wa zai koya mini awo? Na zaɓo babba, yadda muke ɗinka wa yara kayan Sallah.

"Baba, ya yi mini yawa."

"Halas, shi ke nan, za ka girma a ciki."

Ranar wasansa na farko, yana faɗuwa sulken ya zame ya rufe masa fuska. Koci ya fitar da shi daga wasan. Kallon da kocin ya yi mini, na so ƙasa ta tsage.

Har yau, ko tsoho nake auna wa riga, sai maƙwabcina ya leƙo: "Malam, shi ma zai girma a ciki?"